Abin da Wuƙa Ta Tarar

Shekara ashirin da ɗoriya ina fawa a Jega,
wuƙata ta san hanya ko da na rufe ido.
Ranar kasuwa Nomau ya jawo mini bajimi,
ƙaho har ƙaho, amma haƙarƙari a ƙirge.
Ya ce, "Ci yake yi, ba ya ƙiba.
Saya, ka rage mini asara."

Na kayar, na yanka, na feɗe.
Da na kai ga tumbi sai wuƙa ta turje.
Ba harawa, ba dusa, ba ko tsinken ciyawa,
leda ce dunƙule, ta naɗe kamar gammo,
da marafan gora bakwai, shuɗi da fari.
Na ɗora a sikeli don ya ƙaryata idona,
sikeli ya ƙi.

Arzika, yaron da ke riƙe mini ƙafa, ya ce,
"Baba, ashe sa ma ruwan gora yake sha?"
Mahauta suka kwashe da dariya.
Ni ban yi ba.
Akwai gora a aljihuna, na sha rabi,
kuma na san inda zan wurga ta in ta ƙare:
bayan rumfa, inda dabbobi ke kiwo.

A hanyar gida na bi ta tasha.
Ga su jere a faranti, tun hantsi suke shan rana,
la'asar ta yi ba su ga inuwa ba.
Ka kurɓa ka ji ɗumi, ka ji roba a harshe.
Baki a liƙe, takarda na sheƙi,
amma wa ya ga inda aka ɗebo?
Na tuna daminar bara,
da kwalbatin unguwarmu ya ƙoshi da goruna ya toshe,
ruwa ya rasa hanyar gulbi
ya shigo ɗakin Kulu ya kwana.

Ba zan yi wa famfo kirarin ƙarya ba.
Yana da halinsa.
Wani lokaci kwana uku ba ya ko gaisuwa,
ran da ya ga dama sai ya yi tari da asuba,
ya fara tofar da ja-ja kafin ya washe.
Kulu ta san shi kamar maƙwabci mai wuyar sha'ani:
ta bar na farko ya tafi gindin zogale,
ta tari na biyu, ta tace da farin ƙyalle,
ta tafasa, ta bari ya huce,
ta juye a randa ta rufe da faifai.
Da azahar in ka tsoma moɗa
sanyin har ƙashi, da ƙamshin yumɓu.
Wannan ruwan na ga tafiyarsa da idona,
daga bakin ƙarfe zuwa bakina.

Alhaji Jabbo ya gan ni da goran duma a kafaɗa,
wanda kakana ya bari rataye a zaure.
Ya ce, "Fawa ta karye ne?"
Na ce, "A'a, gora ne dai ya koma gidansu.
Wannan in ya fashe ƙasa ta cinye shi,
naka ko jikanka zai tarar da shi a gona."
Kuɗin da ban kashe ba wata biyu
su suka ɗinka wa Ige rigar makaranta.

Dunƙulen nan ban yar da shi ba.
Na wanke, na shanya, na rataye a ƙusa
sama da tebur, tsakanin cinya da hanta.
Masu saye kan nuna shi da baki, su ce,
"Sarkin fawa, wannan wane nama ne? Nawa?"
Sai in goge wuƙa, in ce,
"Wannan ba na sayarwa ba ne.
Naku ne. Sa ya yi muku ajiya."