Kashi Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Lagon,
daga ni sai kwamfuta sai shayin da ya huce,
na sake fasa jirgin mai a tsakiyar teku.
Karo na ɗari biyar ke nan.
Ba wanda ya nutse, ba wanda ya ji ƙara.
Yatsa ɗaya, baƙaƙen ɗigo dubu goma
su bazu kan shuɗi kamar tururuwa ta ji suga.
In ba su iskar Yuli,
in ba su igiyar ruwa mai gangarowa daga Takoradi,
in naɗe hannu in ga inda za su kwana.

Wasu rana ta shanye su.
Wasu su yi nauyi su nutse.
Saura kuwa sun san hanya kamar 'yan gari:
awa arba'in da ɗaya suna bakin Densu,
awa hamsin suna sallama a Coko.

A Coko Mma take sayen kifi.
Shekara ashirin da shida, wurin mutum guda,
Anti Koko mai murhun laka bakwai,
wadda hayaƙi ya rina wa ido kamar jan gauta.
Hausarta ta ciniki ce kawai,
Gaancin Mma kuwa gaisuwa ne da zagi,
amma bashi na kai-komo tsakaninsu babu takarda.
Kifin nan ne ke hawa kan wake da shinkafar Mma a Nima,
waken nan ya biya mini makaranta,
har na iya fasa jirgi da yatsa.

Ran Talata, ranar da teku ke hutu,
ba kwalekwalen da ke jiƙa ciki,
na kai taswirata bakin ruwa.
Ata Kwei na ɗinkin taru, babban yatsan ƙafa riƙe da zare.
Ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa.
Ya ce, yarinya, manki ya yi ɓatan kai a nan.
Tun da aka jera duwatsun can
ruwa juyowa yake yi.
Ledar da aka yar a Korle, gindin jirgina take kwana.
Mai ya fi leda wayo ne?

Na koma na gyara.
Sha ɗaya ta zama sha bakwai.
Ban san ko godiya zan yi masa ba.

Da dare Mma na tsince wake a faifai,
ba ta ko ɗago kai ba:
Barikisu, zai zo ko ba zai zo ba?
Na ce, in jirgin ya fashe da damina,
kashi goma sha bakwai cikin ɗari.
Ta ce, saura fa?
Na ce, saura ya wuce mu, ya faɗa wa wasu.
Ta yi shiru. Ta ɗago wata 'yar tsakuwa,
ta ajiye mini a tafin hannu.
Ta ce, mudu guda na wake, wannan kaɗai ce a ciki.
Tambayi haƙorin da ya same ta kashi nawa ce.

Yanzu ga rahoto a gabana, shafin asara.
Otal-otal na da gurbi, da dala.
Tashar Tema na da gurbi.
Har kunkurun teku an yanka masa farashi.
Na buɗe sabon layi a can ƙasa, na rubuta:
murhu bakwai,
tarun da aka ɗinke ran Talata,
bashin da ba shi da takarda.

Kwamfuta ta ce in sa lamba.

Tsakuwar na nan kusa da kofin shayi.
Can ƙasan tudu wani ladan ya gyara murya.
A Coko, war haka, ana tura jirage cikin ruwa,
ruwan kuwa, yau dai, ruwa ne.
Gurbin na ta ƙifta mini ido.