Tsatsar Fijon Baba

Damina tara ta yi a waje,
gindin darbejiya a Tudun Jukun,
Fijon da Baba ya bari.
Baƙin ƙarfen da ya zagaye gilasanta
ya koma ja kamar jar ƙasa.

Sallau mai fenti ya ce dubu sha biyu.
Na ce ni zan yi.
Na sayo samfefa a Sabon Gari,
fenti gwangwani ɗaya, tina rabin kwalba,
na lulluɓe gilasan da tsohuwar jarida.

Tun hantsi nake gurza,
tsatsa a farce, tsatsa har cikin haƙori.

Wajen ƙofar baya na tarar da lotsawar nan.
Ni na yi ta, ina sha bakwai,
ranar da na gogi wata katanga a Kongo.
Baba bai ce uffan ba.
Ya karɓi makulli, washegari ya miƙo mini.

Shafawar farko ta bushe,
ta biyu ta hau baƙi wuluk.
Da la'asar Sallau ya biyo, ya taɓa wajen:
"Nan fa? Kawo in cike maka."

Na ce bar shi.
Tsatsar kawai na zo cirewa.