Ƙarfe Biyu, Sau Biyu

A Vigo, Lahadin ƙarshen Oktoba,
uku na dare na bugawa sai a ja agogo baya.
Ƙarfe biyu kan zo sau biyu,
kamar baƙon da ya yi sallama ya fita
ya dawo neman hularsa.

Ni na gina rumbun bayanan tashar jiragen ruwa,
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Na yanka wa lokaci gurbi: rana, awa, minti.
'Yar wutsiyar nan mai faɗin agogon ina ne,
alama shida kacal,
na ce kaya ce, na datse ta.
Gari ɗaya, agogo ɗaya, wa zai ɓata?

Yau Sabela Outeiro ta shigo, lemarta na ɗiga.
Ba ta zauna ba.
Na juya mata fuskar kwamfuta.

Layin sama: kiran Xurxo daga teku, biyu da arba'in.
Na ƙasa: jirgin ceto ya bar gaɓa, biyu da hamsin.
Minti goma, in ji takardar hukuma.

Ta ce, "Wane biyun?"

In duk cikin awa ɗaya aka yi,
babu mai laifi sai igiyar ruwa.
In a biyun fari ya kira, suka tashi a na baya,
minti saba'in mijinta ya yi
yana riƙe da katako, yana haɗiyar gishiri,
wani kuwa na gyangyaɗi gaban rediyo.

Na'ura ba ta yi ƙarya ba.
Abin da na zuba mata shi ta ajiye,
ni na ba ta tulu ba marfi.

Na kwana ina gyara.
Yanzu komai da agogon GMT yake shiga,
wanda ba ya ja da baya don sanyi ya zo,
sai za a nuna wa mutum a sa masa rigar garinsa.
Layi miliyan huɗu suka bi sahu salin alin.
Na waɗannan awowin tagwaye suka tirje,
ɗari biyu da shida,
kowanne da amsa biyu a baki.

Asuba ta yi, masu kifi na jan akwatuna a ƙasa.
Lemarta na jingine bayan ƙofa.
Za ta dawo ɗauka.