Ƙwallon da Ta Koma Gida da Kanta

A Asawase, bayan shagon Baba Gariba mai gyaran rediyo,
akwai koren tebur, ƙafarsa ɗaya bisa bulo.
Ni ne alƙali. Kujerata akwatin lemo.
Littafin doka na aljihuna,
ruwan Kumasi ya dake shi sau uku,
shafi na tara ya rungume na goma, sun ƙi rabuwa.

Goma da goma. Fuseni da Labaran.
Wanda ya faɗi, shi ke sayen koko da ƙosai na kowa.

Tun farkon wasa ake ja mini riga.
Labaran ya zagayo da ƙwallo ta gefen sandar raga,
ƙasa-ƙasa, kamar ɗan tirotiro mai gudun cunkoson Kejetiya,
ta sauka a tebur, ta mirgina.
Suka ce ba ta bi ta sama ba.
Na ce doka ba ta tambayi hanya ba, masauki ta tambaya.
Can kuma ta bugi yatsan Fuseni, ba faifai ba.
Na ce hannun da ke riƙe da faifai, faifai ne
har zuwa wuyan hannu.
Wani ya yi tsaki. Wani ya ce na ci goro.

Sai wannan.

Fuseni ya yanke ta daga ƙasa, yankan wanzami,
ta tashi tana juyi da baya,
ta taka gidan Labaran sau ɗaya, gaisuwar tsaye,
ta juya,
ta tsallake raga ita kaɗai
kamar akuyar da aka sayar jiya.

Labaran bai tsaya ba.
Ya zagaya gefe, silifa ɗaya ta zame,
ya miƙa hannu cikin sararin Fuseni,
ya danne ta a can. Tas!

Unguwa ta ɗauka.
Ya shiga gonar wani! Ya tsallake iyaka!
Mai waken bakin titi ta bar ludayi a tukunya.
Baba Gariba ya fito, waya a baki,
rediyo na tari a bayansa.

Na ɗaga hannu. Ban buɗe littafi ba.
Na ce ta sauka gidansa tukuna, ko ba ta sauka ba?
Ta sauka.
To tasa ce, ko ta gudu Tamale.
Ya bi ta inda ta je.
Sharaɗi dai kada ya girgiza tebur,
kada ya dafa shi da hannun da ba faifai,
kada ya taɓa raga.
Maki na Labaran.

Fuseni ya sunkuya yana duba robar faifansa
kamar ita ta ci amanarsa.

Labaran na haki. Ya dubi cikinsa.
Rigar yayansa ce, ta yi masa yawa.
Ya ce, Malam Sanda,
bakin rigata ya shafi raga.

Ban gani ba.
Mutum talatin, ido sittin, babu wanda ya gani.
Ragar ma ta daina motsi tuntuni.

Na ciro littafin. Na sa farce
tsakanin tara da goma, a hankali,
takarda na yagewa kaɗan-kaɗan,
alhali na san abin da ke ciki.

Sha ɗaya da goma, na ce. Fuseni.
Labaran ya je neman silifarsa ƙarƙashin tebur,
yana lalube aljihu, yana ƙirga kuɗin koko.