Wutsiyar Kalma

Rediyo ya ce gobe teku zai zama "calmer".
Morwenna ta rage murya, ta ci gaba da feraye dankali.
Jikanta Jago ya zaro ƙamus mai yagaggen bango
daga ƙarƙashin ƙafar tebur, inda yake aikin tokara.

"Kaka, ashe asalinta zafi ne.
Girkawa suka ce kauma, ƙunar tsakar rana,
lokacin da awaki ke laɓewa gindin zaitun,
iska ta yi likimo.
Ta bi ta Italiya, ta ratso Faransa,
kafin ta iso Cornwall duk ta huce."

Tsohuwa ta dubi taga. Ruwa na dukan gilashi.
Kwalekwalen Denzil bai dawo ba tun asuba.

"To wutsiyar fa, haruffa biyun ƙarshe?"
"Su ke cewa ya fi. Ya fi lafawa."
"Ya fi me?"
Yaro ya duba, littafi bai faɗa ba.

"Ya fi daren nan," in ji ta.
"Ba ta yi alkawarin kwanciya ba, ɗan nan,
dama-dama kawai ta ce.
Shekara arba'in kakanka na fita
riƙe da wutsiyar nan."

Ta ɗora tukunya.
Ta jera kwano uku.