Garin da Za Mu Kai Kunnuwanmu

A Jidda, bayan Isha'i, a saman shagon Barau
mai gyaran lasifika a Hindawiyya,
mu bakwai muka zauna, fanka na kwasar zafi
daga wannan kusurwa tana zubawa a waccan.
Magana ɗaya ta tara mu:
taron masu naɗar sauti na baɗi,
wane gari za a kai shi, a wace ƙasa?

Zinatu ta buɗe littafin lissafinta.
Alƙahira, in ji ta, jirgi da sauƙi,
kafin shayinka ya huce ka sauka.
Mamuda ya ce Istambul. Ya ga zauren da idonsa,
bangonsa na shan amo kamar yadda rairayi ke shan fitsarin raƙumi.
Aka yi dariya, ban da Zinatu.
Ni Yamai na ce, ban kuma kawo hujja ba,
don hujjata tana kwance a maƙabartar Doso
shekara shida ke nan ban kai mata ziyara ba.

Biza, masauki, canjin riyal,
wa zai ɗauki nauyin wa.
Muka yi ta jan igiya har gahawa ta ƙare.

Sai Baba Ilu ya yi gyaran murya,
shi da ya shekara arba'in yana naɗar karatun alarammomi
tun zamanin da ake juya kaset da biro.
Ya ce: Kuna zaɓen gari da ido da aljihu,
sai ka ce ba da kunne kuke cin abinci ba.
A kashe fitila. Kowa ya kunna mana garinsa.

Duhu.
Istambul ta fara: jirgin ruwa ya yi nishi,
tsuntsayen teku na tsegumi,
cokali na zagaye a ƙaramin kofi, ƙil, ƙil,
komai tsaf, kamar an wanke shi kafin a naɗa.

Alƙahira ba ta yi sallama ba, faɗowa ta yi.
Oda a kan oda, mai tallan gas na dukan tukunyarsa da ƙarfe,
ladanai uku sun kama kira, kowa da inda ya fara,
allurar na'urar Barau ta haye ja ta ƙi saukowa.

Sai nawa.
Ruwan sama ne kawai a kan rufin kwano,
da wata murya can nesa, ba da ita na nufa ba:
Sa'a, kwashe shanya!

Ba wanda ya motsa.
Baba ya ce, maimaita. Na maimaita.
Na ji numfashinsa ya sauya a cikin duhun,
ban kunna fitila ba sai da ya daidaita.

Ya ce: Alƙahira.
Garin da ba ya tsayawa a naɗe shi,
can ne yaro zai san ko ya iya aiki.
Istambul ta riga ta gyara kanta, me ta rage muku?
Yamai kuwa, in kun je, kuka za ku yi, ba taro ba.

Zinatu ta rubuta. Hannu shida suka tashi.
Na bakwai bai tashi ba, ba mu kuma tambaya ba.
Duk mun san iƙamarsa ta mutu tun tuni,
ƙofar filin jirgi gare shi ta fita ce kaɗai.

Da muke sauka, matakala ɗaya-ɗaya saboda gwiwarsa,
ya danƙa mini makirfonsa, nannaɗe cikin tsohuwar safa.
Ya ce: Kowane gari da shirunsa.
Ka nemo mini na Alƙahira, ko da na minti ɗaya ne,
wataƙila tsakanin sahur da kiran Asuba.

Ya tsaya a bakin ƙofa, motoci na wucewa.
Wancan na ruwan kuma, in ji shi,
ka tura mini a waya kafin ka kwanta.