Akwatin Malam Yakuba

Sunansa na yanka Yokubas Warnelis.
Bakinmu bai iya ɗaukar wannan kaya ba,
sai muka sauke masa rabi, muka ce Malam Yakuba.
Ya sauka Daura da kaka, ana yankan gero,
da rikoda mai cin kaset,
da kwalin takalmi cike da 'yan katuna,
da kunne ɗaya da ya fi ɗan'uwansa ji.

Ni aka ba shi ɗan rakiya.
Babana Barmo majemi ya ce,
"Tafi, Nomau, ko hancinka ya huta da warin jima."

Ya ce ƙasarsa Lituwaniya, 'yar mitsitsiya,
inda ƙanƙara ke toshe ƙofa sai an haƙa.
Can aka taɓa hana su buga harshensu da baƙaƙensu,
shekara arba'in.
Kakansa kan ƙetare kogi da dare,
littattafai ɗaure a ciki kamar mai fama da kumburi.
An kama shi sau biyu.
Na biyun bai dawo da haƙoransa ba.

Shi kuwa jikan, shekara talatin ya yi
yana bin ƙauyukansu a kan keke,
yana zama gaban tsofaffi har shayi ya huce,
don kalma ɗaya da ta rage a baki ɗaya.
Sai da furfura ta gama da shi
ya ji labarin wani harshe a kudu
da murya ke hawa da sauka a cikinsa kamar nasu.
Ya sayar da keken.

"Ce kuka," in ji shi.
Na ce kuka.
"Wanne? Na miya ko na ido?"
Na sake faɗa, na ji da kunnena
yadda ɗaya ke tsayawa a sama, ɗaya ke gangarowa.
Shekarata goma sha huɗu ina magana
ban san da tsani nake yawo a maƙogwaro ba.

A Sandamu, Iya Tasalla mai daddawa ta kafa masa farashi:
kalma ɗaya, goro ɗaya.
Da ta ga goron bai ƙare ba, ta shiga ƙirƙira.
Ya sani sarai. Ya rubuta, ya biya.
Ya ce mini a hanya, "Wadda ta ƙera kalma ta fi wadda ta aro."

Amma a majemarmu ya fi daɗewa,
hanci a buɗe, bai taɓa toshewa ba.
Bagaruwa. Kirgi. Kartaji.
Babana na karta fata yana faɗa,
shi yana ɗora wa baƙaƙe 'yan alamu
kamar tsuntsaye a kan waya.

In an ba shi ruwa sai ya ce "acu".
Wai godiya ce a garinsu.
Mu kuwa atishawa muka ji,
duk zaure ya amsa, "Yarhamukallahu."
Bai taɓa gyara mana ba.

Damina biyu ya yi, ya koma.
Babana ya rasu. Majemar ta bushe.
Yanzu shagon cajin waya ne a wurin,
ɗana Habu ke tsaronsa.

Shekaranjiya ɗan aike ya kawo ambulan.
'Yarsa ce, da Hausar koyo mai ɗingishi:
ya cika a watan sanyi, yana da tamanin da tara,
ya bar wasiyya a mayar da wannan inda aka aro shi.
Kati ɗaya ne, gefensa ya yi ja.
Kartaji.
A ƙasa: daga bakin Barmo majemi, Daura.

Habu ya leƙo ta kafaɗata.
"Baba, mene ne kartaji?"
Na buɗe baki, hannuna ya riga ni,
yana karta iska yadda na babana ke yi.

Da yaron ya fita, na riƙe katin na jima.
Ban san addu'ar da ake yi wa irinsa ba,
sai na ce masa abin da na iya da harshensa:
"Acu."
Daga madafa Kuluwa ta amsa,
"Yarhamukallahu."